Mai Tari a Layin Kalkara

Litinin, 6 ga Afrilu 1942, da yamma. Bormla, tsibirin Malta

Waya ɗaya muka yini muna haɗawa. Mu haɗa, jiragen Jamus su zo su tsinke, mu koma mu haɗa. Layin da ya taso daga ɗakin umarnin sojoji zuwa igwogin Kalkara ne, waɗanda ke tsaron bakin tashar jiragen ruwa. In ya mutu, masu harbi ba sa sanin ta inda jirage za su ɓullo sai sun gan su a kansu. Kowa ya san haka. Amma wayar da ake ba mu tsohuwa ce, an kwanto ta daga wani wuri, ƙulli a kan ƙulli kamar igiyar akuya. Na gaya wa Saja Hallam. Ya ce, "Wenzu, jirgin da ya ɗauko sabuwa yana ƙasan teku. In kana so, nutsa ka ɗauko." Shi a ganinsa wasa ya yi. 'Yan Ingila sai sun ga ranka ya ɓaci suke tuna wasa.

Spiru, ƙanin matata, shi ke riƙe mini tsani. Ina saman falwaya jiniya ta kama kuka, ya ɗaga kai ya ce, "Mijin Yaya, ƙarasa abinka a hankali. Wanda ya zauna da yayata shekara ashirin, me bam zai yi masa?" Na jefe shi da guntun waya.

Ita kuwa matar tawa, Vitorin, har yau ta ƙi tafiya ƙauyen Dingli. Rabin Bormla ya watse. 'Yarmu Kelina tana can ƙauye wurin kakarta tun bara, amma uwar ta kafe. Na sake yi mata magana muna cin burodi da tumatir da ɗan man zaitun da ya rage. Ta ce, "In na tafi wa zai riƙa tashinka? Kai da jiniya ma ba ta tashinka." Na ce kogon da muke fakewa a lungunmu bai yi zurfi ba. Ta ce, "Ya fi kanka zurfi. Ci abincinka." Na bugi tebur na fita. Mace mai taurin kai.

Laraba, da rana tsaka

Tun hantsi ba mu ƙara jin bugu daga cikin kogon ba. Indri, shugaban masu tono, ya ce mu ci gaba.

Alhamis, da yamma

Mun kai gare su. Su bakwai. Vitorin tana zaune kusa da bakin kogon, jingine da bango, ko ƙwarzane babu a jikinta. Indri ya ce iska ce ta ƙare musu. Ban tambaye shi ba.

Faratana sun fita. Fensir zamewa yake.

Juma'a, da la'asar

An kai su makabarta. Fada, limamin cocinmu, ya yi ta magana a kan haƙuri, yana yi yana leƙen sama, don an ce jirage sun taso daga Sisili. Bai ƙarasa addu'ar ba jiniya ta yi kuka, kowa ya watse, ni da Spiru muka karɓi shebur muka rufe.

Na koma wurin aiki. Na ɗauka Saja zai yi mini tsawa a kan kwanakin da na ɓace, har na shirya abin da zan gaya masa. Sai ya miƙo mini gwangwanin nama ya dafa kafaɗata, ya ce ya gaya wa na sama ya aike ni wani aiki ne a Marsa. Gwangwanin nama. Na ajiye masa abinsa a kan tebur.

Gidanmu yana nan lafiya lau, ko gilashin taga bai fashe ba. Ban shiga ba. A ɗakin ajiyar waya zan riƙa kwana.

Asabar, da safe

Bari in rubuta yadda aka yi, don kaina ya daina maimaita mini.

Ranar Talata da hantsi, bayan harin farko, na hau falwayar da ke kan hanyar Kalkara na haɗa layin. Na maƙala wayar gwajina in ji ko ya tashi. Ya tashi. Murya tana fita tar, kamar mai maganar yana tsaye a bayana. Indri ne yake magana da guntun Ingilishinsa. Ya ce bene ya rufto a bakin kogon Lungun 'Yan Igiya, akwai mutane a ciki, suna jin su suna bugun bututun ruwa, in an bar masa mutanensa zai buɗe kafin yamma.

Lungun 'Yan Igiya lungunmu ne.

Sai wata murya ta amsa, muryar hafsa, yana magana yana ɗan tari, busasshen tari, sau biyu-biyu. Ya ce a kwashe duka masu tono a kai hanyar bakin tasha, ta toshe, kuma motocin da ke kwasar garin fulawa daga jirgin ruwan da ya nutse rabi dole su wuce kafin hari na gaba. Indri ya ce, "Ranka ya daɗe, suna da rai." Mai tarin ya ce, "Bar mutum biyu." Indri ya ce mutum biyu ba za su ɗaga dutsen ba. Ya ce, "Na ce biyu." Ya ajiye.

Ban san yadda na sauko ba. Spiru ya ce dirowa na yi daga tsakiyar tsani.

Mutum biyu, da ni, da Spiru, da tsofaffin lungu da mata. Diga biyu. Da hannu muka yi sauran.

Ni na haɗa layin. Da na yi jinkiri kaɗan, da na tsaya na sha taba, da Indri bai samu kowa a waya ba, da ya ci gaba da tononsa.

Lahadi, da rana

Ban je coci ba. Na haɗa layin Marsa. Ya tashi.

Talata, da yamma

Yanzu duk inda na haɗa waya sai na daɗe da kunnena a kai. Doka ta hana mu saurare, a ce "gwaji" a ji an amsa a cire. To, su zo su kama ni. Ina neman mai tarin.

Abin da mutum ke ji a wayar nan. Wani yana neman harsashi, an ce masa babu. Wani yana faɗa a kan wa ya ɗauke masa motarsa. Wani manjo ya ɓata lokaci mai tsawo yana tambayar ko an samo masa sabulun aski. Wani yaron igwa ɗan ƙauyen Mosta yana roƙon a gaya wa uwarsa yana nan da rai. Babu mai tari a cikinsu.

Na tambayi 'yan matan ɗakin haɗa waya. Ɗaya ta ce, "Baba Wenzu, da ƙurar dutsen nan, wa ne ba ya tari a Malta?"

Spiru ya ce yaushe za mu je Dingli. Na ce in aiki ya yi sauƙi.

Laraba, da asuba

Na ji an tashe ni. Babu kowa, sai naɗin waya.

Alhamis, da yamma

'Yan Ingila sun ba tsibirin nan namu lambar yabo. Haka aka sanar. Mu duka, har da awaki. Wani a ɗakin cin abinci ya tafa. Na tashi na fita kafin in yi abin da zai sa a ɗaure ni.

Juma'a, da almuru

Na yi faɗa da Spiru. Tun da aka ɗaura mini aure da yayarsa ba mu taɓa yin na gaske ba.

Muna zaune a gindin ganuwa muna jiran hari ya wuce, ya fiddo burodi ya raba biyu ya miƙo mini. Na ce in na gano mai tarin, da fulayar nan zan cire masa maƙogwaro. Ya dubi burodin da ke hannunsa. Can ya ce, "Yaya, ka san burodin nan daga ina ya fito?"

Na ce ban tambaye shi ba.

Ya ce, "Garin jirgin nan ne. Wanda aka buɗe wa hanya. Shi 'ya'yana ke ci tun makon jiya. Da motocin ba su wuce ba, da harin la'asar ya ƙone shi a bakin tasha."

Na ce, "To me kake so ka ce? Faɗi. Ƙarasa."

Ya ce, "Ba na son in ce komai. Yayata ce. Ita ta goya ni. Kullum in na gutsuri burodin nan sai ya tsaya mini a wuya. Amma ina haɗiyewa, kuma ina ba 'ya'yana."

Na ce ashe an saye shi da rabin burodi. Na faɗi wasu abubuwan ma, har na taɓo uwarsa, wadda surukata ce. Ya miƙe, ya fi ni tsawo, na ɗauka zai kai mini duka, kuma da na ji daɗi. Sai ya ɗauki tsani ya saɓa ya yi gaba, bama-bamai na sauka a Isla. Na bi shi ina zaginsa har muka isa inda waya ta tsinke. Ya riƙe tsanin, na hau.

Layi ya tashi.

Asabar

Bai yi mini magana ba. Ni ma.

Litinin, da rana

Waya ta tsinke wuri biyar tsakanin Bormla da Birgu. A wuri na ƙarshe ba jirgi ne ya tsinke ta ba, wani ɗan banza ne ya yanki taku goma ya tafi da ita, wataƙila ya ɗaure jakinsa. Na tsaya a tsakiyar titi ina ihu ina kiran ɓarawon ya fito. Babu kowa a titin. Gidajen ma ba su da rufi. Wata tsohuwa ta leƙo daga wani rami ta ce, "Ɗana, wa kake wa faɗa?" Na koma na haɗa wayata.

Maƙwabciyarmu Marjanna ta aiko a gaya mini kayan wanki suna nan a kan igiya a soron gidan tun ranar, ko ta kwashe? Na ce kada wanda ya taɓa.

Laraba, da safe

Spiru ya ce, "Kelina fa?" Abin da ya fara ce mini ke nan bayan kwanaki. Na ce ya miƙo mini ƙyallen kwalta.

Alhamis, da yamma

Na same shi.

An kira mu da hantsi, layin tsohuwar ganuwar da ke bakin ruwa ya mutu daga ciki, ba daga waje ba. Muka shiga wani ɗaki da aka sassaƙa a cikin dutse, fitilar kananzir, taswira a bango, wayoyi uku a kan tebur. Na durƙusa a ƙarƙashin teburin ina bin waya da yatsa. Ɓera ne ya ci ta. Ina cikin feɗe bakin wayar sai na ji a bisa kaina. Sau biyu. Busasshe.

Na ƙarasa haɗawa. Ban san dalili ba, hannuna ne ya ƙarasa da kansa. Sannan na fito na miƙe.

Duk kwanakin nan ƙato nake gani a raina, mai ja a fuska, mai tumbi. Wani siriri ne, kyaftin, gashinsa ya fara fari, idanunsa sun faɗa, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya ɗaga wayar ya ji ta tashi, ya ce, "Madalla, na gode," bai ko dube ni ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, Lungun 'Yan Igiya."

Ya ce, "Na'am?"

Na ce, "Lungun 'Yan Igiya, a Bormla. Talatar bayan Ista."

Ya dube ni, ya dubi Spiru, ya ce, "Akwai layinmu a can ne?"

Bai tuna ba. Na rantse da Uwa Maryamu, ba ƙarya yake ba, bai tuna ba. Ni ina kwana ina tashi da muryarsa, shi ko sunan lungun bai riƙe ba.

Spiru ne ya gaya masa, a hankali, kansa a ƙasa. Kogon, da bugun bututu, da mutum biyu. Kyaftin ya zauna. Ya ce, "Ranar nan ba sau ɗaya na ba da irin wannan umarni ba." Ya yi tarinsa. Ya ce, "Su nawa ne?" Spiru ya ce bakwai, ya ce ɗaya matar wannan ce, yayata.

Ya ce ya yi baƙin ciki ƙwarai. Da ma ya tsaya nan. Sai na tambaye shi, in da yau ne fa? Ya ɗago ya dube ni ido cikin ido ya ce, "Da yau ne, haka zan sake yi."

Wayar gwajina tana hannuna. Akwatin katako ne mai kusurwar ƙarfe. Na rafka masa ita, ta same shi a saman gira, jini ya rufe masa ido ɗaya. Spiru ya rungume ni ta baya yana cewa, "Yaya! Yaya, za su harbe ka!" Sojoji biyu suka shigo da gudu. Na miƙa musu hannuwana. Wallahi na miƙa.

Kyaftin ya danne goshinsa da hankici ya ce musu dutse ne ya faɗo daga rufi, su koma bakin aikinsu. Suka dubi rufin, suka dubi akwatin a ƙasa, suka fita. Jiniya ta fara. Ya jawo wayar da na haɗa masa da hannu ɗaya ya fara kiran igwogi, jini na ɗiga a kan takardunsa, kamar ba ma ɗakin.

Juma'a, da safe

Babu wanda ya zo kama ni. Na jira.

Ya ɗauke masu tono, na ce to. Yanzu dukan da na yi masa ma ya ƙwace, ya ba dutse. Wa ya ce masa ina son afuwarsa? Wa ya roƙe shi?

Juma'a, da yamma

Saja Hallam ya kira ni. Bai ce ya ji komai ba, amma ya karɓi fulayata da bel ɗina ya kulle a akwatinsa. Ya ce hutun kwana uku, umarni ne, in ya gan ni kusa da falwaya zai sa a tsare ni. Na ce wa zai haɗa masa Kalkara? Ya ce, "Spiru. Akwai wasu ma. Waya ba za ta mutu don ba ka nan ba." Wannan ma ya ƙona mini rai.

Ina fita na tarar da Spiru a bakin ƙofa. Ya ce mai amalanken kayan lambu zai tashi zuwa Rabat gobe da sassafe, ya riga ya yi masa magana, daga can in taka zuwa Dingli. Na ce wa ya sa shi? Ya ce, "Babu. In ba ka je ba ni zan je, kuma in gaya wa yarinyar ubanta tsoronta yake ji."

Asabar, da almuru. Dingli

A hanya na yi ta shirya yadda zan faɗa. In fara da kakar, in ce a zauna, in ce Allah ya yi ikonsa.

Na hango ta tun daga nesa a gonar wake a bayan gidan. Baƙaƙen kaya ne a jikinta. Rigar kakarta ce aka rage mata.

Na tsaya a bakin katangar dutse. Ta miƙe, ta kakkaɓe hannunta, ba ta taho ba. Na ce, "Kelina." Ta ce, "Sannu da zuwa, Baba," kamar mai gaida baƙo.

Na ce, "Wa ya gaya miki?"

Ta ce, "Mai sayar da kananzir. A layin kananzir, a gaban mutane. Yana ba wata mata labarin Bormla, yana lissafa sunaye. Bai san ni ba ce." Ta ce, "Na dawo gida da gwangwanin, na dafa wa Kaka abinci, sai da ta ci sannan na gaya mata."

Na ce aiki ne ya riƙe ni, layuka suna ta tsinkewa, ba a ba da hutu.

Ta ce, "Kullum ina zuwa bakin hanya. Na ce ko kai ma ka mutu ne an rasa mai faɗa. Har addu'a na yi maka ta matattu. Ashe kana can kana gyara wa sojoji waya su yi magana da juna." Muryarta ba ta ko rawa. "Kai da aikinka ke nan, Baba. Ni ko saƙon baki."

Na buɗe baki in gaya mata labarin mai tari, da Indri, da mutum biyu, da yadda na fasa masa goshi saboda uwarta. Duk na taho da shi a shirye. Na duba fuskarta na ga ba abin da zai yi mata.

Ta ce, "Ta sha wahala?"

Na ce, "A zaune muka same ta. Ba ta ji ciwo ba."

Ta ce, "Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

Na ce, "Yini ɗaya da dare ɗaya suna bugawa. Muna jin su."

Sai ta zauna a ƙasa a tsakanin kunyoyin waken, ta rufe kanta da hannu biyu. Na tsallaka katangar. Na taɓa kafaɗarta ta ture hannuna. Na zauna nesa kaɗan. Muka daɗe a haka har rana ta sauka kan teku, kakar tana tsaye a ƙofa ba ta kira kowa ba.

Lahadi, da safe

Ba ta yi mini magana ba tun jiya, sai ɗazu. Ta shigo da takalmanta a hannu ta ce gobe za ta bi ni Bormla, in nuna mata kabarin, in buɗe mata gidan. Na ce jirage suna zuwa safe da yamma, ba wurin yarinya ba ne, ba zan yarda ba. Na ɗaga murya, har kakar ta leƙo.

Ta jira na gama. Ta ce, "Ba izini na zo nema ba, Baba. Mabuɗin yana wurinka?"

Yana wurina. Na ciro na ba ta.